Lahiya uwar jiki: Mai sida da baƙin ciki

Tun 2004 ana ba da maganin sida kyauta a Nijar. Mai shan shi kullum yana nomanshi, yana kiwonshi.

Amma wani saurayin, da ya ji yana da ƙwayar, sai baƙin ciki ya kama shi. Ba ci, ba barci, ba hira. Daga nan ya bar magani, ciwo ya tashi.

Wannan ba iskoki ba ne. Uwaye su jawo shi, su ci kwano guda, sida ba ta bin tuwo. Kada a tona asirinshi. In ya kai sati 2 haka, a kai shi likita. In ya ambaci kashe kanshi, a tahi ranar nan. Malamin likita na iya tura shi babban asibitin Damagaram.