Ba Kowane "Bull" Ne Bijimi Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kanta a tsakanin ɗalibai, har da wasu masu koyarwa: da zarar sun ga doguwar kalmar Ingilishi, sai su datsa ta gida biyu, su fassara kowane ɓangare, su ce ga asalinta. Wannan hanya ɓata ce, kuma kalmomin da suka fara da "bull" sun isa hujja.

Gaskiya ne "bull" na nufin bijimi, kuma wasu kalmomi daga nan suka fito. "Bulldog" kare ne da aka riƙa kiwo a Ingila don a haɗa shi faɗa da bijimi, wasan da majalisar ƙasar ta haramta a 1835. Ita ma "bulldoze" ana danganta ta da bijimi, amma a Amurka ta 1876 ma'anarta tsoratar da mutum da duka, musamman baƙaƙen fata masu son jefa ƙuri'a. Daga baya ne sunan ya koma kan motar da ke ture ƙasa da gini.

To, sai kuma sauran. "Bullet", wato harsashi, daga Faransanci ta zo, daga "boulette", ƙaramar ƙwallo. "Bulletin" ta biyo ta Faransanci daga Italiyanci, tushenta kuwa "bulla" ta Latin, hatimin darma da ake rataya wa takardun Paparoma. Shi ya sa har yau ake kiran irin wannan takarda "bull". "Bully beef", naman gwangwani na sojoji, daga "bouilli" take, wato dafaffe. "Bully" kuwa, da yanzu ke nufin mai cin zalin na ƙasa da shi, a ƙarni na 16 kalmar so ce, kamar a ce masoyi. Ina bijimi a cikin waɗannan huɗu? Babu ko ƙahonsa. Kama da wane ba wane ba ne.

Ɗalibin Hausa da ya tashi a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala ya fi kowa rashin uzuri a nan, domin Faransanci na kunnensa kullum. Takardar sakamakon jarrabawa da yake kai wa mahaifinsa "bulletin" ake ce mata, haka ma takardar ƙuri'a. Ya riga ya san ba ruwan kalmar da shanu. Me zai sa in ya gamu da ita a littafin Ingilishi ya shiga neman garke?

Sunan unguwarsa ma darasi ne. Mai fassara da ka zai ce New Bell "sabuwar ƙararrawa" ce. Alhali Bell sunan gidan sarauta ne na mutanen Duwala. Jamusawa ne suka ƙwace filayen bakin kogin Wuri, har da tudun da Bonanjo take, suka tura mazauna wurin zuwa sabon matsuguni da aka kira da sunan gidan. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Wanda ya ce "ƙararrawa" ya shafe wannan tarihi duka da kalma guda, kuma ya yi hakan a gaban jikokin waɗanda aka kora.

Wani zai ce ai datsa kalma na taimaka wa hadda. Haka ne, kuma babu laifi ɗalibi ya ƙirƙiro wa kansa abin tuni. Laifin yana farawa ne ranar da abin tunin ya shiga allo ko takardar fassara a matsayin ilimi. Sa'an nan ƙarya ta sami gindin zama, ɗalibai arba'in su kwashe ta, kowa ya kai gaba.

A gwada hanyar a kan Hausa a ga inda za ta kai. Baƙon da ya datsa "farar hula" zai tafi kasuwa neman hula, ba zai san ana nufin wanda ba soja ba. "Barkonon tsohuwa" zai ɗauka kayan miya ne. Da ya bi kamannin sauti kuwa, sai ya haɗa "bulala" da "bulo" da "bula" a gida ɗaya, alhali bulo da bula aro ne daga Ingilishi, kowace daga kalmarta daban. In ba mu yarda a yi wa harshenmu haka ba, kada mu yi wa na wasu.

Magabatanmu sun fi mu dabara. Da suka ga motar rusau, ba su tsaya neman bijimi a cikin sunanta ba. Sun ɗauki sunan kamfanin Caterpillar da ke rubuce a jikinta, suka lanƙwasa shi ya dace da bakin Bahaushe, suka ce katafila.

Saboda haka, kafin ka rubuta "asalin kalmar nan shi ne", buɗe ƙamus mai bayyana tushe, ka duba daga wane harshe ta zo, a wane ƙarni, da wace ma'ana ta fara. In malami ya ce maka "bulletin" na da alaƙa da bijimi, ka tambaye shi cikin ladabi a wane ƙamus ya gani.