Ashe Masu Otal Ma Suna Yin Gyara?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa tsokaci a kan wani abu da ya faru da ni a hanya, wanda nake ganin akwai darasi a cikinsa.

Ni dai manomi ne, idan damina ta wuce kuma ina taɓa ɗan fataucin wake. A kakar 2024 na kai kaya kasuwar Bodija da ke Ibadan. Can ba mu da matsalar masauki, domin muna da maigida a Sabo, shi ke sauke mu, shi ke nemo mana masu saye ya ɗauki la'adarsa, kamar yadda iyayenmu suka saba tun zamanin fataucin goro. A hanyar dawowa ne mota ta yi ta ba mu wahala, ba mu iso Zuba ba sai wajen ƙarfe tara na dare. Direba ya ce shi kam ba zai hau hanyar Kaduna da dare ba, kuma kowa ya san dalili. Wasu suka shimfiɗa kwali a tasha. Ni kuwa ga ragowar kuɗin wake a jikina, ga zazzaɓi yana taɓa ni, sai na hau babur zuwa Suleja na nemi wani ɗan matsakaicin otal.

Na biya naira 12,000 kuɗin ƙaramin ɗaki mai fanka. Yaron da ke kan kanta ya raka ni, muka tarar famfon bayi ba ya kawo ruwa. Ya je ya dawo da wani makulli ya ce, "Baba, taso mu hau sama, manaja ya ce a ba ka babban ɗaki." Da ya buɗe na ga gado kamar na amarya, ga iyakwandishan, ga firiji, ga talabijin, sai gabana ya faɗi. Na ce, "Samari, nawa ne kuɗin wannan?" Ya ce naira 25,000 ne, amma ni ba zan ƙara ko kwabo ba. Na ce a raina, banza ba ta kai zomo kasuwa. Na tsaya kai da fata sai an rubuta mini a jikin rasit cewa na gama biya. Ya yi dariya, ya rubuta, ya buga hatimi.

Da safe na nemi manajan domin in yi godiya, na kuma tambaye shi me ya sa suka yi mini haka alhali ba su san ni ba. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na ɗauki biro. Ya ce babban ɗakin nan ba wanda ya kama shi, kuma a irin wannan lokaci da wuya wani ya zo. Daren da ɗaki ya kwana babu kowa ya wuce ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Da ya mayar mini da kuɗina in tafi wani wuri, gara ya riƙe 12,000 ɗin, in kwana cikin jin daɗi, wata rana in dawo ko in turo wani.

Jama'a, nan take na gane cewa wannan ai gyara ce. Abin da muke yi ne a kasuwa idan mutum ya sayi tiya biyar mu ƙara masa tafi guda. Ciniki ne na mai hangen nesa. Hasali ma kayan mai otal sun fi namu saurin lalacewa, domin tumatir idan ya rasa mai saye ana yanka shi a shanya ya zama kauɗa, amma daren jiya ba ya shanyuwa. Daga baya wani ɗan yayana da ke aiki a Abuja ya ce mini wannan al'ada ce a otal-otal na duniya. Manya irin su Hilton da Sheraton har katin membobi gare su, wanda ya yawaita kwana a wurinsu sukan ɗaga shi zuwa ɗakin da ya fi nasa idan akwai wanda ba a kama ba.

To amma ina so 'yan'uwa su yi hattara, domin ba kowane "zo ka ga ɗaki mai kyau" ne gyara ba. Wani abokin fataucina ya taɓa kwana a wani otal, aka ce masa ƙananan ɗakuna sun ƙare, aka kai shi babba. Bai tambaya ba, su ma ba su yi masa bayani ba. Da safe aka miƙo masa takardar ciko, har da kuɗin lemo biyu da ya sha a cikin firiji yana zaton kyauta ce. Aka riƙe jakarsa sai da ya biya, ribar buhu guda ta tafi a dare ɗaya. Shi ya sa har yau idan ka ce masa otal sai ya ce Allah ya kiyaye.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, kafin ka ajiye jaka ka tambaya da bakinka: kyauta ne ko akwai ciko? Matambayi ba ya ɓata. Na biyu, a rubuta maka a rasit, domin wanda ya karɓe ka da dare sau da yawa ba shi za ka tarar da safe ba. Na uku, ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da harajin VAT, wanda gwamnati ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a shekarar 2020. Na huɗu, abin da ke cikin firiji na sayarwa ne sai in an ce maka ba haka ba. Na biyar, ka san lokacin fita, domin yawancinsu ƙarfe 12 na rana ne, in ka wuce sai a lissafa maka wani kuɗin.

Bugu da ƙari, neman gyara ba roƙo ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Idan ɗakin da ka biya yana da matsala, ko ka saba sauka a wurin, ka faɗa cikin ladabi. An fi dacewa idan dare ɗaya za ka yi, kuma ka iso da yamma lokacin da suka san ɗakunan da suka rage. Amma kada ka sa rai a lokacin cunkoso, alal misali lokacin Kasuwar Baje Koli ta Kaduna ko hawan Sallah a Kano, domin a ranakun nan ko ƙaramin ɗakin ma sai mai rabo. Idan aka ce babu, to babu, gyara ba dole ba ce. Ba a zagin mai kaya don bai yi gyara ba.

Na san wasu za su ce me ya kai mutumin kirki otal, ai wurin masha'a ne. Gaskiya akwai irin waɗannan, amma akwai na mutunci, kuma wanda ke ɗauke da jarinsa gaba ɗaya a aljihu bai kamata ya kwana a kan kwali a tasha don tsoron surutun mutane ba.

Ina kira ga masu otal su manna farashin ɗakuna a bango inda kowa zai gani, su kuma riƙa yi wa baƙo bayani da harshen da yake ji, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu kuma 'yan kasuwa mu ji kunya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, da yawanmu mun daina gyara, wasu ma har gindin mudu suke bugawa. Ni dai tun daga wannan dare sau uku ina komawa otal ɗin nan da kuɗina, na kuma tura mutum huɗu daga garinmu. Ku lissafa ku gani, wa ya ci riba?

Daga ƙarshe ina roƙon Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu damina mai albarka, amin. Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi daga Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano.