Wayar Hannu da Amanar Lambar Sirri

A zamanin da, ganuwar birnin Katsina ba ta da wani amfani in ba a tsare ƙofofinta ba. Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da sauransu, kowace tana da mai tsaronta, kuma akan rufe su da dare. A yau dukiyar mutum da sirrinsa sun tattaru cikin wayar da ke aljihunsa, amma da yawa daga cikinmu mun bar ƙofarta a buɗe.

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta bazu a Nijeriya, aikinta ya wuce gaishe-gaishe. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, sannan a ƙarshen 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN. Ke nan layin waya ya zama mabuɗin asusu. Ɓarawon da ya zare katin layi ya sanya a wata wayar, shi zai riƙa karɓar saƙonnin banki, kuma yana iya kwashe albashin malami kafin gari ya waye.

A ganina, babbar ɓarakar ba daga na'ura take ba, daga ɗabi'unmu take. Dattijo zai miƙa wa mai POS katinsa a bakin titi, ya faɗi lambar sirrinsa kowa yana ji, domin saƙon na'urar da Ingilishi yake zuwa. Ɗalibi zai yi rajista a shagon kwamfuta, ya bar imel ɗinsa a buɗe. Wani kuma a kira shi a ce daga banki ne, ko za a shigar da shi taron ƙungiya, sai ya karanto lambobi 6 da WhatsApp ya aiko masa. Nan take a ƙwace asusun, a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Baki dai shi ke yanka wuya.

Wasu za su ce ɓoye wa ɗan'uwa lamba rashin yarda ne, kuma ya saɓa wa zumunci. Ban yarda ba. Mai gida yakan kulle rumbunsa ba tare da ya zargi maƙwabcinsa ba, kuma duk sirrin da ya shiga kunne biyu, mai shi ba ya da iko da inda zai tsaya.

Matakan kariya ba su da tsada. A kulle fuskar waya, a kuma sanya wa katin layi tasa lambar. A guji 1234 da shekarar haihuwa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel. A danna *#06# a rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15 a ajiye. Idan waya ta ɓace, a gaggauta sanar da banki da kamfanin layi su toshe, kafin a tsaya jimami.

Abin da ya sa wannan batu ya shafi ɗalibin koyon malanta shi ne, a ƙauyukan da za a tura ku, malami ake kai wa waya ya karanta saƙo. Ku fassara wa mai waya saƙonsa da Hausa bayyananna, ku faɗa masa cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. In ya zo danna lambarsa, ku kau da kai, domin yaran da ke kallo su koya.