Ƙetare Iyaka Da Mota Mai Lambar Nijeriya: Kiɗa Ya Canza

Duk shekara idan an gama girbi, Kirsimati ta gabato, motoci masu lambar Nijeriya sukan yi layi a bakin iyakokinmu na ƙasa. Wasu za su biki Maraɗi ko Damagaram. Wasu sun ɗauko maras lafiya za su asibitin Galmi ta hanyar Illela da Birnin Ƙonni. Wasu kuma motocin ikilisiya ne ɗauke da mawaƙa ko zumuntar mata da aka gayyata taro a Garwa ko Marwa cikin ƙasar Kamaru. Yawancinmu mun taso muna ɗaukar irin wannan tafiya kamar zuwa garin maƙwabta: a sha mai, a riƙe ɗan canji saboda masu shinge, a kama hanya. Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai shi ne, wannan zamani ya wuce. Yau wanda ya fita da mota ba tare da cikakkun takardu ba, yana iya komowa gida a motar haya, tasa tana can a harabar kwastan ta wata ƙasa.

Bari mu fara da tushen al'amarin. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas cikin shekarar 1975. A shekarar 1979 kuma, a birnin Dakar, shugabannin ƙasashen suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90. Yarjejeniyar ba ta manta da motoci ba. Ta ce motar gida da aka yi wa rajista a wata ƙasa ta ƙungiyar tana iya shiga wata ƙasar ta zauna har kwana 90, motar haya mai ɗauke da fasinja kuwa kwana 15. Amma da sharaɗi. Sai direba ya nuna lasisin tuƙi mai aiki, da takardar mallakar motar, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da kuma takardar kwastan. Watau tun asali ba a taɓa cewa kowa ya wuce hannu rabbana ba. Mu ne muka riƙe rabin maganar, muka yar da rabi.

Daga cikin takardun nan huɗu, ta kwastan ce mutanenmu suka fi rainawa, alhali kuwa ita ce ta fi jawo asarar mota. Dalili shi ne, a idon jami'in kwastan na kowace ƙasa, mota kaya ce mai tsada wadda ake biya wa haraji kafin ta zauna a ƙasar. Motarmu ta biya harajinta a Nijeriya, ba ta biya a Nijar ko Benin ko Ghana ba. Saboda haka a bakin iyaka sai a rubuta mata takardar shiga ta wucin gadi, wadda a ƙasashe masu amfani da Faransanci direbobi suke kira lesefase. Wannan takarda alkawari ce cewa motar baƙuwa ce, za ta fita kafin ranar da aka rubuta. Idan ranar ta wuce ba a sabunta ba, doka tana kallon motar a matsayin kayan fasa-ƙwauri, ana iya kama ta a ci tara mai nauyi. Haka nan ba a sayar da ita a can, ba a kuma barin ta a hannun suruki ko ɗan'uwa ya riƙa hawa da sunan za a komo a ɗauka. Ran fita kuma wajibi ne a tsaya a ofishin kwastan a rufe takardar, domin idan littafinsu bai nuna motar ta fita ba, ran da aka sake zuwa da ita sai a tarar da tsohuwar magana tana jira.

To, me ya canza? Abu na fari, mun ga cewa ƙofar iyaka tana iya rufuwa cikin dare ɗaya. Dattawanmu suna tune da rufewar da gwamnatin soja ta yi daga 1984 zuwa 1986. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta sake rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da mai da makamai. Sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum, su Jibiya da Kamba kuwa suka jira har Afrilun 2022. Ba a daɗe da numfasawa ba, sojoji suka kifar da gwamnatin Muhammad Bazoum a Nijar ran 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 har zuwa Maris na 2024. Kowa ya ga yadda manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Ko bayan da aka janye takunkumin a 2024, Nijar ta bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe, abin da ya tilasta wa masu bin wannan hanya zuwa Benin da Togo da Ghana neman wata. Mai mota da irin wannan rufewa ta rutsa da shi a waje, kwanakin takardarsa ba su daina tafiya ba don an rufe ƙofa.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Ran 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙasashen uku sun kafa tasu ƙungiya ta Sahel, har sun fito da fasfonsu. Gaskiya ne ɓangarorin biyu sun nuna dattako. A Disambar 2024 ƙasashen uku suka yi shela cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, motocinsu ma za su shiga bisa dokokin kowace ƙasa. ECOWAS ita ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku har sai an ji sanarwa ta gaba. Amma ya kamata mu lura da bambancin. A da, ɗan Nijeriya da ke shiga Nijar da motarsa yana tsaye ne kan yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu. Yanzu yana tsaye kan sanarwa, sanarwa kuwa wanda ya yi ta yana iya janye ta ko ya ƙara mata sharaɗi ran da ya ga dama. A watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na wasu ƙasashen ECOWAS. Harajin kaya ne, ba na motar baƙo ba, amma ya nuna inda iska take kaɗawa. Zumuncin Katsina da Maraɗi yana nan daram, sai dai jandarma da ke bakin shinge ba zumunci aka sa shi ya duba ba, takarda ce.

'Yan'uwanmu na Adamawa da Taraba da Barno kuwa su tuna cewa Kamaru da Chadi ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba. Suna cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wadda take da nata tsarin. Mai tafiya Njamena daga Maiduguri iyaka biyu zai ƙetare, domin daga Gamborun Ngala sai ya shiga Kamaru ta Fotokol, ya bi zuwa Kusiri, kana ya hau gada zuwa Chadi. Kowace ƙasa da tata takardar kwastan, ga kuma matsalar tsaro da ta daɗe tana addabar wannan hanya. Mai tashi daga Legas zuwa Akara kuwa iyaka uku ke gabansa, ta Benin da ta Togo da ta Ghana.

Sai maganar inshora, wadda ita ce takan raba direba da ɗakin tsaro idan tsautsayi ya auku. A shekarar 1982 ECOWAS ta kafa tsarin katin inshora mai suna Brown Card. Yadda yake aiki shi ne, kowace ƙasa tana da ofishin katin. Idan motar Nijeriya ta buge mutum ko ta ɓata dukiyar wani a Togo, ofishin Togo ne zai bi maganar diyya, daga baya ya nemi kuɗin daga wajen na Nijeriya. Katin ba ya gyara motar mai shi, haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna kaɗai yake ɗauka. Tun ran 1 ga Janairun 2023, da hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, ta ce kuɗin ya haɗa da wannan kati. Saboda haka mai mota ya nemi kamfaninsa ya ba shi takardar katin a hannu kafin ya tashi, ya kuma sa su tabbatar masa cewa ƙasar da za shi tana ciki. Idan ba ta ciki, ya sayi inshorar 'yan kwanaki a bakin iyaka. A Kamaru da Chadi nasu katin daban ne, sunansa Carte Rose. Babban abin tsoro shi ne inshorar bogi da 'yan kamasho suke haɗa wa mutane a bakin ofisoshin sabunta takardu. Irin wannan takarda takan wuce shingen cikin gida, amma ran da aka yi hatsari a wata ƙasa ba kamfanin da zai amsa ta, direba ne zai zauna a tsare har danginsa su tara kuɗin diyya.

Akwai kuma maganar suna, wadda ta shafi ikilisiyoyinmu kai tsaye. Motoci da yawa a hannunmu suna ɗauke da sunan wanda ya fara saye, ba a taɓa canza takardar mallaka ba. Motar ikilisiya sau da yawa kyauta ce daga wani mai hali, takardunta suna nan da sunansa, ko da sunan faston da aka yi wa canjin wurin aiki shekaru da suka wuce. A bakin iyaka, idan sunan direba bai yi daidai da na takarda ba, tambayar farko ita ce ko motar sata ce, kuma jami'in yana da hujjar yin tambayar, domin motocin sata da yawa ta iyakokin nan suke fita. Maganinsa shi ne a gyara takardar mallaka tun da wuri, a kuma ba direba wasiƙar izini mai hatimi daga mai motar ko dattawan ikilisiya, wadda ta ambaci sunansa da lambar mota da lambar inji da ta shasi da garin da za shi. Idan an sami mai jin Faransanci ya fassara ta, ya fi. Kada a manta da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da fasfo na kowane fasinja, da katin allurar shawara.

Komowa gida ma tana da nata. Tun ran 1 ga Janairun 2017, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokin ƙasa, jami'an kwastan namu suke zura ido kan duk motar da ta fito daga wajen Kwatano ko Maraɗi, ko da tana da lambar Nijeriya. Mai hikima yakan tafi da takardar da ta nuna an biya wa motarsa haraji ran da ta fara shigowa ƙasar, ya kuma sa a rubuta fitarta a ofishin kwastan na gefenmu. Jarkokin mai a bayan mota kuwa, ko da na guzuri ne, suna iya sa a lissafta mutum cikin 'yan fasa-ƙwaurin mai.

Mun san abin da wasu za su ce: ko takardunka sun cika, sai ka ba da na goro. Ba mu musa cewa shingaye sun yi yawa a hanyoyin nan ba, kuma akwai jami'an da suka mai da su gonar noma. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mai takardar da ta mutu shi ne yake fara miƙa hannu tun kafin a tambaye shi, shi ne kuma yake sa a saba wa kowa. Mai cikakkun takardu yana da bakin da zai nemi rasit cikin ladabi, ya yi haƙuri da ɗan jinkiri. Abin da doka ta yanka, mu biya da zuciya ɗaya, a ba mu rasit. Abin da ba shi da rasit kuwa, bai dace a ce ya fito daga baikon jama'a ba, ma'aji ya rasa yadda zai rubuta shi a littafi.

Kiranmu ga Gwamnatin Tarayya shi ne kada ta bar talakawan kan iyaka rataye a kan sanarwa. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedkwata a Yamai, wadda aka kafa tun 1971, kafin a haifi ECOWAS. A watan Afrilun 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun gana a Yamai. Ta wannan hukuma ana iya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya kan motoci, wadda za ta fayyace takardun da ake bukata, da yawan kwanaki, da inshorar da za a karɓa, da abin da za a yi wa motar da rufe iyaka ya rutsa da ita. Muna kuma roƙo a kafa allo a Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari da Kamba, a rubuta kuɗin kowace takarda da Hausa da Turanci da Faransanci, yadda kowa zai karanta.

Kafin a yi haka, nauyin yana wuyanmu. Duk kwamitin da zai tura mota waje ya zauna da takardunta makonni kafin tafiya, ya aika a tambayi halin da iyakar take ciki daga bakin waɗanda suka bi ta kwanan nan, ya ajiye kwafin kowace takarda a gida. Rigakafi dai ya fi magani. Ubangiji ya kiyaye matafiyanmu, ya komo da su gida lafiya tare da motocinsu.