Kar Ka Tura Wa Meta AI Wannan Kacici-kacicin

Gwada wannan: "Ba jiya ba, ba gobe ba, ƙara rabin riga. Masarauta a Kebbi (5)."

Dakata, kar ka tura wa Meta AI tukuna. In na'ura ta ba ka amsa, wallahi ka cuci kanka, don daɗin wasan yana wajen warwarewa.

Irinsa jaridar Guardian ta Ingila ke bugawa kusan kullum. Kowace tambaya kashi biyu ce: ma'anar kalmar a gefe ɗaya, dabarar haɗa ta a ɗayan. Lambar ƙarshe kuwa yawan haruffa ce.

Ba jiya ba, ba gobe ba: YAU. Rabin riga: RI. Yauri ke nan.

Mutanen bakin ruwa, ga taku: "Kwara ta rasa kai. Hedikwatar Ngaski (4)."