FILIN AL'UMMA BA GADON KOWA BA NE



Yau da ɓacin rai na ɗauki alƙalami. Makon jiya na bi ta filin da muke sallar Idi a unguwarmu, sai na tarar an kafa turaka, an sauke bulo. Da na tambaya aka ce wai shaguna za a yi. Filin nan ne fa dattawanmu suka ware tun muna yara, suka ce na makaranta ne da asibiti. Yau 'ya'yansu ne ke yanka shi kamar naman layya.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: "Ai mu baƙi ne, gida za mu koma." Wane gida? Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi, yau fiye da shekara ɗari. Akwai wanda a nan aka haifi kakansa, a nan aka binne shi. Baƙon da ya yi jika da tattaɓa kunne a gari ai ya wuce a ce masa sannu da zuwa. Wannan magana ce ta sa muke da kuɗin sayen tirela amma ba mu da wurin gina aji shida.

Ku duba Dokar Ƙasa ta 1978. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. Ke nan idan muna son firamare, ko ƙaramin asibiti, ko ofishin 'yan sanda, ko maƙabarta, abin da za a fara tambayarmu shi ne, ina filin? Ƙaramar hukuma ba ta gini a iska. Unguwar da ta cinye filinta, aikin sai ya tsallake ta ya tafi inda aka tanada, mu kuma mu zauna a rumfar mai shayi muna cewa ana nuna mana bambanci. Bambancin nan akwai shi, ban musa ba. Amma wannan karon da hannunmu muka yi wa kanmu.

Bara muka yi rashin wani tsoho maƙwabcina. Wallahi sai da muka ɗauki hayar mota muka yi doguwar tafiya kafin muka sami inda za mu sa shi, alhali a unguwar nan ya yi shekara arba'in yana fataucin goro.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai: a kira safiyo ya auna abin da ya rage. A yi wa ƙungiyar unguwa rajista da amintattu, a nemi takardar mallaka da sunanta, kada a sa sunan Alhaji wane, domin ranar da ya mutu magada za su ce na babansu ne. A je a zauna da masu gari da shugaban ƙaramar hukuma, domin asibitin da za a gina ba zai tambayi mai naƙuda yarenta ba.

Ku kuma masu kafa turaka, ku ji tsoron Allah. Kuɗin shago zai ƙare, filin kuma ba zai dawo ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.