Alƙawari Kaya Ne, Rubutu Ne Gammonsa



A Garwa yau, mafi yawan alƙawuranmu sun koma saƙon murya. Bashin taki da manomin auduga zai biya SODECOTON in kaka ta yi, zubin adashi, ranar da za a zauna sulhun iyakar gona a gaban mai unguwa, duk mun danƙa su ga WhatsApp. Ran da waya ta faɗa Binuwai ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, sai gardama ta tashi, zumunci ya yi rauni, marayu su rasa hujja. Ko wayar tana nan, wa zai tono magana guda cikin saƙo dubu?

Abin lura shi ne, da yawa daga cikin gwanayen kwamfuta ba su amince wa wannan hanya ba. Suna tsara ayyukansu ne a baƙin allon nan da ba hoto ba ado, inda mutum ke buga umarni da yatsunsa. A shekarar 2006 wata Ba'amurkiya, Gina Trapani, ta fito da tsarin todo.txt: kowane aiki layi guda, harafi a gabansa mai nuna muhimmancinsa, sai kwanan wata, in an gama a sa masa alama. Hujjarsu ita ce tsurar rubutu kowace na'ura tana karanta shi, ko kamfani ya rushe, ko manhaja ta tsufa.

To, ai wannan shi ne kundin malamanmu. Takardar da aka rubuta da Larabci ko ajami tun kafin Jamusawa su rasa Garwa a 1915, in gara ba ta ci ta ba, yau ma almajiri zai karanta ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da ajalinsa. Imamu Gazali kuwa, cikin Bidayatul Hidaya, ya tsara wa ɗalibi yininsa tun daga farkawa har kwanciya, kowane lokaci da aikinsa.

Za a ce ba kowa ya iya rubutu ba, murya ta fi sauƙi. Gaskiya ne, amma da wuya a sami gidan da ba ɗan makaranta, na allo ko na boko. A yi maganar da baki, sannan a sa yaro ya rubuta layi guda: wane, nawa, yaushe, gaban wa. Mai littafi ya duba shi bayan asuba, ya soke abin da ya cika bayan isha'i. Mai waya ya rubuta a wayar, ya kwafe a takarda.

Duk wanda aka ɗora wa amanar jama'a, limami ne ko sarkin kasuwa ko uwar adashi, wannan nauyi ya fi hawa kansa, domin ranar da ya kwanta dama littafinsa ne zai amsa tambayar magada.

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari, amin.